Halittun Da Ido Ba Ya Gani

 Darasin wannan fitowa na 'yan aji ne da 'yan gida baki ɗaya. Saboda haka wanda ya iya karatu ya ɗaga murya, yadda Inna za ta ji daga madafi, Kaka ma ta ji daga ɗakinta, don akwai maganarsu a ciki.

Duk wanda ya fara Ahalari ko Ishmawi a cikinku an koya masa cewa abu uku ake dubawa ga ruwan da za a yi tsarki da shi, watau launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa. Wannan hukunci ne na ibada, malamanku na fiƙihu sun yi muku bayaninsa, yana nan yadda yake. Tambayarmu ta yau daban ce. Ruwan da ka ɗebo a moɗa, ga shi garau, ba wari, ba bauri, ko lalle ne in ka sha ba zai cuce ka ba? A'a, ba lalle ba ne. Ruwa na iya zama garai-garai, alhali a moɗa ɗaya akwai abin da zai kwantar da mutanen gida guda. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. To, a nan kam ido bai san ƙima ba. Hanci da harshe ma haka.

Akwai wasu halittu da ƙanƙantarsu ta wuce ganin ido. Kada ka ɗauka ƙura ce ko datti. Rai gare su, suna ci, suna hayayyafa, suna mutuwa. Suna cikin ƙasa da ruwa da iska, suna jikin dabbobi, suna tafin hannunka da ƙarƙashin farcenka da bakinka da cikinka. In kana son ka gane ƙanƙantarsu, ɗauki ƙwayar gero ɗaya ka ɗora a tafin hannu. Irin waɗanda ake kira bakteriya, in an jera guda 1,000 kai da kai, da ƙyar layinsu zai kai tsawon wannan ƙwayar geron. Akwai kuma waɗanda ake kira bairos. Su kuwa a wajensu bakteriya ƙatuwa ce, kamar raƙumi a wajen ɓera.

Za ka ce, to Malam, wa ya gan su? Mutumin da ya fara ganinsu ba likita ba ne. Wani mai sayar da yadi ne a garin Delft ta ƙasar Holan, sunansa Antoni Lewenhuk. Masu sana'arsa kan duba saƙar yadi da ɗan gilashi mai ƙara girman abu, shi kuwa sai ya ƙware wajen goge irin wannan gilashi har nasa ya fi na kowa ƙarfi. A 1674 ya ɗiga ruwan wani tafki a gaban gilashinsa, sai ya ga abubuwa suna ta iyo a ciki. A 1683 ya kankaro dattin haƙoransa ya duba, ya tarar nan ma gari guda ne. Amma sai da aka yi kusan shekara 200 kafin a tabbatar cewa wasu daga cikin halittun nan su ne ke kawo cututtuka. Masana irin su Luwi Fasto na Faransa da Robat Kok na Jamus suka yi wannan aiki. Shi Kok, a 1882 ya nuna ƙwayar da ke kawo tarin fuka. Jikan wancan gilashi na mai yadi shi ne madubin likita, wanda ake duba jininka da shi a asibiti in ana zaton zazzaɓin cizon sauro.

Ɗauko alli mu yi lissafi

Bakteriya ba ta haihuwa irin ta akuya, ba ta ƙyanƙyasa irin ta kaza. In ta ƙoshi sai ta rabu gida biyu, kowane ɓari ya zama cikakkiyar halitta. Wasu irinsu, in suka sami ɗumi da laima da abinci, minti 20 ya ishe su su rabu.

A ce guda ɗaya tak ta faɗa cikin kwanon shinkafa da ƙarfe 6 na safe. Bayan minti 20 sun zama 2, bayan 40 sun zama 4, ƙarfe 7 na bugawa sun zama 8. Ba komai, ko? Ci gaba dai. Ƙarfe 8 sun kai 64, ƙarfe 9 sun kai 512, ƙarfe 10 sun kai 4,096. Kafin ƙarfe 1 na rana, lokacin da ka dawo daga makarantar boko da yunwa ka buɗe kwanon, sun kai 2,097,152. Daga guda ɗaya fa! Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Wannan lissafi shi ne dalilin da ya sa abinci ya fi saurin lalacewa da bazara a kan lokacin hunturu, don sanyi yana rage musu hanzari. Shi ne kuma dalilin da ya sa ɗumame yake son wuta sosai. Inna, in za a ɗumama tuwon jiya da miyarsa, a bar shi ya yi zafi har cikinsa, tururi na tashi, miya ta tafasa. Ɗan ɗumi-ɗumin nan na gaggawa gata ne a wajensu. Abincin da ya riga ya yi yauƙi ko ya canja wari kuwa, a haƙura da shi, domin wasu ƙwayoyin kan bar guba a ciki wadda wuta ba ta kashewa.

Kada tsoro ya kama ka. Mafi yawan halittun nan ba ruwansu da kai, da yawa kuma aiki suke yi maka ba ka biyansu. Shi ya sa ni ban cika son a yi musu kuɗin goro a ce da su duka ƙwayoyin cuta ba.

Ka taɓa lura da yadda ake kindirmo? A dafa madara, a bari ta huce ta koma ɗumi, a zuba mata ɗan ragowar nonon jiya, a rufe ƙwarya ta kwana. Gari na wayewa ta yi kauri ta yi tsami. Ɗan nonon jiyan nan iri ne aka shuka. Bakteriyar da ke cikinsa ce ta cinye zaƙin madarar ta mai da shi tsami. Mai nono ba ta taɓa leƙa madubin likita ba, amma ta san in madara ta cika zafi irin zai mutu, in ta cika sanyi ba zai kama ba. Daddawa ma haka. Kalwar da aka dafa aka rufe kwana biyu ko uku, bakteriya ce ta sarrafa ta har ta sami wannan ƙanshi da ke tashin miyar kuka. Ƙullun waina da ya kwana ya tashi, da burodi da fanke da suka kumbura, aikin yis ne, shi ma halitta ne mai rai. Tsamin kamu da koko, duk su ne.

In an zo cirar gyaɗa, ka tuge guda ka duba saiwarta. Za ka ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle kamar ƙuraje. Gidajen wata bakteriya ce da ke kamo wani sinadari daga iska ta mai da shi abincin shuka. Shi ya sa Baba ya san gonar da aka yi gyaɗa ko wake bara, bana hatsi zai ji daɗinta. A cikin hanjinka ma akwai su jingim, suna taya ka narkar da abinci, suna kuma tare wa miyagun wuri.

Miyagun kuwa ba dangi ɗaya ba ne. Kwalara da taifot da tarin fuka da mashaƙo da sanƙaran nan na lokacin zafi, bakteriya ke kawo su. Mura da ƙyanda da ƙarambau da shan inna, aikin bairos ne, wanda shi ba ya iya hayayyafa sai ya kutsa cikin jikin wani mai rai. Makeron da ke cin kan yara da ƙyasfi, dangin funfuna ne, irin wadda ke fitowa a tsohon burodi. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro kuma danginta daban, a cikin jini take zama.

Sanin wannan bambanci yana da amfani ga aljihun Baba da lafiyar gida. A 1928 wani masani a Landan, Alekzanda Filemin, ya lura cewa wata funfuna da ta faɗa cikin faifan gwajinsa ta kashe bakteriyar da ke kewaye da ita. Daga nan aka samo maganin fenisilin, kakan magungunan nan da muke yi wa jam'u mu ce kafso. Bakteriya kaɗai suke kashewa. Ba abin da suke yi wa bairos. Yaro na mura, a aika a sayo kafso biyu wajen mai tallan magani, an yi asarar kuɗi, an kuma kashe masa ƙwayoyin kirki na hanjinsa. Abin da ya fi wannan muni, in ana shan kafso barkatai, raunanan ƙwayoyin ne ke mutuwa, masu taurin kai su tsira su hayayyafa. Ran da ake neman maganin da gaske, sai a sha a ga shiru. A bar ma'aikacin lafiya ya faɗi wanda za a sha da kwanakin da za a yi ana sha.

Ba su da ƙafa

Ga abin da nake so ya zauna muku. Ƙwayar cuta ba ta da ƙafar da za ta tako daga gidan maƙwabta zuwa naku, ba ta da fiffike. Ɗauko ta ake yi. Ko ruwa ya ɗauko ta, ko hannu, ko ƙuda, ko sauro, ko numfashi. Kowace tana da hanyarta, wanda ya san hanyar kuwa ya san inda zai datse.

Hanyar da ta fi cin yaranmu ita ce wadda ba a son faɗa a gaban manya, amma dole mu faɗa, a gafarce mu. Daga bayan gida zuwa baki. Gudawa da atini da taifot da kwalara da shan inna, duk ta nan suke bi. Ƙwayar tana fita cikin kashin marar lafiya, ba za ta kama wani ba sai wani ɗan abu daga wannan kashin, wanda ido ba ya gani, ya shiga bakinsa.

A 1854 kwalara ta ɓarke a wata unguwa ta birnin Landan, ta kashe mutum fiye da 600. A lokacin masana da yawa sun ɗauka mugun wari ne a iska ke kawo ta. Wani likita mai suna Jon Sino bai yarda ba. Ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan ke ɗebo ruwa, ya tarar mafi yawansu famfon tuƙa-tuƙa ɗaya suke sha. Ya roƙi hukuma aka cire hannun famfon. Abin mamaki, ruwan wannan famfo ya yi suna wajen daɗi. Akwai wata dattijuwa da ke zaune nesa da unguwar, amma kullum sai an kai mata ruwansa don ta fi son ɗanɗanonsa. Ita ma kwalarar ta kashe ta. Daga baya aka gano cewa rijiyar famfon tana dab da wani ramin ƙazanta, inda aka riƙa zuba ruwan wankin tsummokin wata jaririya mai gudawa.

Jaririya fa. A riƙe wannan, domin a gidajenmu da yawa ana ganin kashin jariri ba ƙazanta ba ne, a share shi da tsumma a jefa bayan ɗaki, a ci gaba da damun fura. Kashin jariri yana ɗauke da ƙwayoyin cuta kamar na babba. Masai ne wurinsa, a wanke fo, a wanke hannu.

Kada ku ce wannan labarin Turawan dā ne. A 2021 hukumomin lafiya na Nijeriya sun ƙirga mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, fiye da 3,000 suka rasu. Jihohin Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Da damina ta fi tashi, don ruwan sama kan kwashe kashin da aka yi a fili da na masan da ya cika, ya kai cikin rijiya da kududdufi.

Yanzu ka tashi ka zaga gidanku da wannan ido. Taku nawa ne tsakanin rijiya da masai? Masana na son ya kai mita 30, wajen taku 40 na babban mutum, don ƙazanta na bi ta ƙarƙashin ƙasa. Guga da igiyarsa, a ina suke kwana? In a ƙasa ake yar da su inda kaji da awaki ke bi, to duk jan ruwa ɗaya sai an aika wa rijiya da saƙo. Sa'an nan ka zo ga randa. Sau da yawa ruwa kan iso gida lafiya lau, a cikin randa yake lalacewa. Moɗa ɗaya ce, kowa ya sha ya ajiye a ƙasa ko a kan murfi, na gaba ya zo ya tsoma ta har da yatsunsa, ƙaninka da ya fito daga wasan ƙasa ma haka. Gyaran wannan ba ya cin kuɗi. A sami moɗa mai dogon mariƙi ta ɗiba kawai, a rataye ta, a riƙa tsiyayawa a kofin sha. A rufe randa, a riƙa wanke ta kafin a sake cikawa.

Ƙuda kuwa ɗan aike ne. Ya sauka a masai, ya tashi ya sauka a kan tuwonka da ƙafafunsa shida. Murfi a bakin masai, faifai a kan abinci.

Akwai wata magana da nake roƙon Kaka ta saurara da haƙuri. In jariri ya kai wata shida ko bakwai ya fara gudawa, sai a ce haƙori ne, a zuba ido. Gaskiya ne lokacin ya zo ɗaya. Amma ku duba me yaro ke yi a wannan lokaci. Ya fara zama, ya fara rarrafe, dasashinsa na ƙaiƙayi, duk abin da ya tsinta a ƙasa sai baki, an kuma fara ba shi kunu da ruwan randa. Abin da ya shiga bakin ne ya kawo gudawar. In aka ce haƙori ne aka ƙi kula, yaro na iya tafiya a kan abin da ke da magani.

Mun saba hagu ta tsarki ce, dama ta cin abinci, kuma tsari ne mai kyau. Sai dai hagu da dama ba sa gaba da juna. Tare suke ɗaura zani, tare suke riƙe buta, tare suke ɗaukar ƙane. Fatar hannu tana da maiƙo, ƙwayoyin kuma a jikin maiƙon suke liƙewa, shi ya sa ruwa zalla ba ya fitar da su duka. Sabulu ne ke narka maiƙon, ruwa ya tafi da su. A cuɗa ciki da baya da tsakanin yatsu da bakin farce, gwargwadon ka ƙirga 1 zuwa 20 a hankali. In babu sabulu, toka mai tsabta ta fi babu. Bayan fitowa daga bayan gida, da bayan yi wa yaro tsarki, da kafin a taɓa abinci, ko dafawa ko ci, nan ne ba a sakaci.

Tasar wanke hannu guda ɗaya da ake zagayawa da ita kafin cin tuwo, daga babba zuwa ƙarami, ita kam ban san me take wankewa ba. Auta, wanda ya fi kowa rauni, shi ke wanke hannunsa a dattin mutum takwas. A kawo buta, wani ya zuba wa wani, ruwan ya zuba a tasa.

Ruwan da ba a amince da shi ba, a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. In itace ya yi tsada, akwai maganin kulorin na ruwan sha da ake sayarwa, a bi ƙa'idar da ke jikinsa. Akwai kuma rana, wadda ba mu rasa ba. A cika farar gorar roba mai haske da ruwan da ba shi da laka, a kwantar da ita a kan kwano ko rufin ɗaki ta sha rana awa 6, in da hadari ta yi kwana 2. Alif, wanda wasu ke kira alam, yana kwantar da laka ruwa ya yi haske, amma hasken nan ido kawai ya gamsar, ba ya kashe ƙwayoyin duka. Tacewa da ƙyalle ta taimaka ƙwarai wajen kawar da kurkunu, wanda a 2013 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da shi, domin ɗan ƙwaron ruwan da ke ɗauke da shi ƙyalle na iya tare shi. Bakteriya kuwa da yawa sai su bi ta ramukan saƙar su wuce.

In gudawa ta riga ta shigo

Abin da ke kisa a gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Wasu kan hana yaro ruwa wai don gudawar ta tsaya. Wannan kamar a ga tulu na yoyo ne a ce maganinsa a daina zuba masa ruwa. Tulun zai daina yoyo, amma don ya bushe ne.

A ba shi ruwan gishiri da sukari. Wanda ya fi shi ne na ƙunshi da ake samu a asibiti da kantin magani, a dama shi da adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa. In babu, a sami lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokalin shayi 6, da gishiri rabin ƙaramin cokali, duk a shafe bakin cokalin, kada a yi tozo. Kada a ƙara gishiri don neman saurin warkewa, yawansa illa ne. Sukarin ba don daɗi aka sa shi ba, shi ke jan gishirin ya ratsa hanji ya shiga jiki, ruwa kuma ya bi gishirin. A riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan da cokali. In ya yi amai a dakata kamar minti 10 a ci gaba. Wanda ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo. Mai shan nono kada a cire shi daga nono, mai cin abinci kada a hana shi. A tambayi ma'aikacin lafiya ƙwayar zinki, wadda ake ba yaro kwana 10 zuwa 14. Wannan ɗan haɗi da kuke gani, a 1971 wani likitan Indiya ya yi aiki da shi a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladash, lokacin da kwalara ta ɓarke ruwan ƙari ya ƙare musu, ya ceci rayuka masu yawa.

Amma in idanun yaro sun faɗa, ko maɗigar jariri ta lotsa, ko fitsari ya ɗauke, ko ya kasa sha, ko an ga jini, ko gudawar ta zama fara tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, to ba zama. A nufi asibiti ko da tsakar dare ne, ana tafe ana ba shi ruwan. Kwalara na iya kashe ƙato cikin awoyi.

Sauran hanyoyin za mu taɓa su a gurguje. Ƙyanda da mura da tarin fuka da mashaƙo da sanƙarau, ta tari da atishawa da numfashi suke bi, sun fi son ɗakin da aka cunkushe aka rufe taga. Iyayenku ba su manta sanƙaran 1996 ba, wanda ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, akasari a nan Arewa, ya kashe fiye da 11,000. Zazzaɓin cizon sauro, macen sauro ce ke zuƙo shi daga jinin wani ta zuba a naka, gidan sauro ke datse ta. Akwai kuma wata ƙwaya da ke zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, tana shiga ta rauni, ta sandarar da jiki har a kasa buɗe baki. Saboda ita ne ake cewa a yanke cibiya da sabuwar reza, kada a shafa mata toka ko ƙasa ko kashin shanu.

Iska ba ta tafasuwa a tukunya, ba kuma wanda zai daina numfashi. Ga irin waɗannan cututtuka, da yawansu rigakafi ne katangarsu. Jikinka na da dakaru a cikin jini masu yaƙi da baƙin ƙwayoyi, suna kuma riƙe kamannin duk wadda suka taɓa karawa da ita. Allurar rigakafi tana nuna musu ƙwayar da aka kashe ko aka raunana, ko wani ɓangare nata, su san fuskarta tun kafin ta gaske ta zo. Da haka aka ga bayan agana, wadda a 1980 aka bayyana ƙarewarta a duniya. Tambayi Kaka mece ce zanzana, ta gaya maka yadda fuskokin mutane suke a kasuwa lokacin tana yarinya.

Aikin gida

Ku haɗu ku biyar. Ɗaya ya shafa man gyaɗa kaɗan a hannu ya barbaɗa garin gawayi, ya gaisa da na biyu, na biyu ya gaisa da na uku, har kan na biyar. Kowa ya duba tafinsa, ku duba kuma mariƙin butar da kuka ɗauka bayan nan. Sa'an nan biyu su wanke da ruwa zalla, biyu da sabulu, na biyar ya wanke a tasar da sauran suka wanke a ciki. Ku goge hannuwanku da farin tsumma ku rubuta abin da kuka gani.

'Yan aji biyar da shida, ku ci gaba da lissafin kwanon shinkafar nan zuwa ƙarfe 2 na rana. Kowa kuma ya auno taku nawa ne daga masan gidansu zuwa inda ake ɗebo ruwa, ya rubuto tare da inda moɗar randarsu ke kwana. A miƙa wa malamin aji kafin hutun Alhamis.